Fiyus ɗin Zinaren da Na Saka wa Rediyon Falmata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Walida, ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah Ya tsare ki a ɗakin da za ki shiga, Ya sa ki shiga a sa'a, Ya kare ki daga sharrin ruwa da wuta da bakin mutane. Kin san ke 'yar fari ce, ba zan iya zaunar da ke in dube ki in yi doguwar magana ba, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Gwaggonninki za su yi miki faɗan aure ranar kai amarya, ki riƙe duk abin da suka ce. Ni nawa a takarda yake, kuma a kan wani ɗan abu ne da bai kai gaɓar yatsa tsawo ba. Akwai laifin da na yi wa ƙawata Falmata, uwar Bukar, mijin da za ki aura, tun kina tatata, har yau ba ta sani ba. Shekaranjiya ta roƙe ni abin da zai sa ko dai in maimaita laifin a ɗakinki, ko in buɗe baki. Ina so ki ji yadda aka yi tun daga farko.

Ranar da zamana ya sauya ita ce ranar da Abbanku ya shigo gida da kwali a ka, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Daminar ta yi ruwa, hanyar unguwarmu ta yanke, sai a kwalekwale ake shigowa. Ya sayar da shinkafar ranin da ya ajiye daga gonarsa ta Auyo, ya wuce kasuwa bai gaya wa kowa ba. A lokacin ba ni da abin so kamar littattafan soyayya. Ina tuƙa tuwo littafi na kan cinya, ina wanki ina leƙa shafi, idan jarumar ta shiga damuwa miyata ce take shan wahala. Ya sauke kwalin a tsakar gida, ya share gumi, ya ce, "Na gaji da cin miyar da ta kama. Ga wanda zai riƙa karanta miki, ke kuma ki riƙa duba tukunya."

Rediyo ce baƙa mai cin kaset da faifai, da sifika biyu kowacce ta kai ƙuguna. Bayan Azahar akwai shirin da ake karanta littafi. Da muka kunna, muryar mai karatun ta cika ɗakin kamar yana zaune a kan tabarmata, har numfashinsa ina ji idan ya zo wurin tausayi. Na yi kuka, na yi dariya, na ɗauke ki na yi ta juyi da ke a tsakar ɗaki. Ranar miyar ta fi kamawa fiye da kullum, amma Abbanku ya cinye tas.

Da damina ta zagayo ruwa ya shigo mana har ɗaki. Bai kai ga rediyon ba, amma ƙasa ta daɗe da danshi, sifikun kuma a ƙasa suke. Sai sautin ya fara shaƙewa. Mai karatu zai zo daidai inda saurayi zai furta abin da ke ransa, sai ka ji ƙar-ƙar-ƙar, ya ɗauke, ya dawo ana sallama. A nan na yi kuskurena na farko. Maimakon in ce wa Abbanku a kai wa mai gyara, sai na bi maganar wani mai tebur a kasuwa. Yana sayar da batura da wayoyin wuta, amma a tsakiyar teburin ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya jera wasu 'yan fiyus masu kai biyu ruwan zinare, rana tana dukan su suna walƙiya. Na tsaya kallo kawai. Ya ce, "Hajiya, rediyonki tana shaƙewa ko?" Na ce yaya aka yi ya sani. Yanzu na gane a ƙarshen damina babu rediyon da ba ta shaƙewa a Haɗeja, amma a ranar sai na ɗauka wani sani ne da shi.

Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu kamar mai ɗaukar ƙwan tantabara. Ya ce duk wutar da za ta zama murya ta nan take bi, idan ta bi ta ƙarfen banza sai ta fito da datti, idan ta bi ta zinare sai ta fito a tace. Ya ce manyan masu kuɗi a birane ba sa sauraron komai sai da shi. Walida, mutumin nan ya iya jera magana irin ta jaruman littafi, ni kuwa a kan irin wannan maganar na tashi. Agwagina biyu na sayar na koma na karɓo.

Ki kula da wannan. Idan mai sayarwa ya faɗa miki ciwonki kafin ki faɗa, ki tambayi kanki ko ciwon na kowa da kowa ne. Idan kuma maganarsa ta yi miki daɗi har kin ji kamar ana karanta miki shafi, ki ce za ki dawo gobe. Abin kirki zai jira ki kwana ɗaya.

Da yake ban san inda ake saka shi ba, na sa aka ɗora rediyon a adaidaita muka je wurin Malam Sule mai gyara, dattijon nan da rumfarsa ke kusa da masu banda. Ya juya fiyus ɗin a tafin hannunsa, ya ɗaga tabarau, ya karanta 'yar lambar da ke jikin kansa, ya gwada da ta tsohon fiyus ɗin. Ya ce, "To, lambar dai ta yi daidai, ba zai cutar ba. Amma 'yata, wannan adon na waye? A cikin akwati zai zauna, babu mai ganinsa sai gizo-gizo." Na ce shi dai ya saka. Kafin ya saka sai ya ɗauko sanfefa ya goge mazaunin fiyus ɗin, wanda tsatsa ta ci har ya yi kore. Ya goge bakin wayoyin sifika, ya ɗaure wata da ta yi sako-sako. Ya ce in shanya sifikun a rana wuni guda, in kuma ɗora su a kan benci, kada su sake taɓa ƙasa. Na yi duk yadda ya ce.

Washegari na kunna. Muryar ta fito tas, har ta fi ranar farko a kunnena. Na tafa hannu na ce, "Zinare ke nan!" Abbanku yana cin ɗumame a bakin ƙofa, ya ce, "Sanfefar fa? Ranar da ta busar da su fa? Ni da na haɗa bencin har na buge yatsa fa?" Na ce masa shi manomi ne, kunnensa ya saba da ƙarar injin ban ruwa, ba zai gane tataccen sauti ba. Ya yi dariya ya ce, "Allah Ya ba 'yan littafi haƙuri."

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma na fi jin kunyarsa fiye da na farko. Sautin ya gyaru da gaske, ban yi ƙarya ba. Sai dai abubuwa huɗu aka yi a rana ɗaya, na zaɓi mai ƙyalli na ba shi godiyar duka. Za ki ga irin wannan a gidanki. Wata rana al'amari zai daidaita, za ki so ki gode wa wanda ya zo da babbar riga ya yi magana mai daɗi. Kafin nan ki waiwaya ki ga wanda hannunsa ya yi baƙi.

Yanzu ga inda Falmata ta shigo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a lokacin, mun ƙulla ƙawance tun ina amarya, ita ta koya mini turaren wuta irin na mutanensu, ni na koya mata karatun boko har ta fara aron littattafaina. Tana da 'yar rediyonta ƙarama mai jan hannu, wadda mahaifinta ya saka mata a kayan ɗaki, tana ji da ita sosai, kullum a lulluɓe da ɗankwali. Da na ga abin da zinare ya yi mini, sai na ga rowa ce in ji daɗi ni kaɗai. Na koma wurin mai teburin na karɓo wani. Ban dubi lamba ba. Maganar lambar da Malam Sule ya yi ta wuce ta gefen kunnena, don hankalina yana kan ƙyalli. Na shiga gidanta da wuƙar yanka albasa, na kwance bayan rediyon yadda na ga ya yi, na zare nata ɗan siriri, na tura nawa. Tsohon kuma na jefa shi a shara da hannuna.

Muka kunna. Ta karkata kai, ta saurara, ta ce, "Ƙawa, ni fa ban ji bambanci ba."

Na ce, "Haba Falmata! Ba ki ji yadda muryar ta yi laushi ba?"

Ta ce, "Jiya ma haka take."

Na ce, "Turare ne ya toshe miki kunne. Rufe idonki."

Ta rufe ido, ta daɗe, ta buɗe ta dube ni yadda na zuba mata ido ina jira. Sai ta ce, "E to, kamar ya ƙara ɗan garɗi." Muka rungume juna muna murna. Ita ta faɗa don kada in ji kunya, ni kuma na karɓa don haka nake so in ji.

Walida, idan wanda yake ƙaunarki ya ce miki bai ji ba, bai gani ba, ki tsaya a maganarsa ta farko. Ta biyun ke kika matse ta daga bakinsa. Kuma kada ki kai hannu cikin kayan wani da abin da rabinsa kawai kika koya, ko da alheri kike nufi. Ni alheri na nufa.

Bayan wata biyu Falmata ta haifi ƙanwar Bukar, tana cikin wankan jego. Wata rana da la'asar aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, har ƙwan ɗakina ya yi wani fari kamar zai fashe. Rediyona ta yi ɗif. Kafin in gama salati sai na ji Falmata ta katanga tana kiran sunana, ɗakinta ya cika da ƙaurin roba, hayaƙi na fita ta bayan 'yar rediyonta. Tun daga ranar ta ɗaura yaƙi da masu wuta. Da yake ba ta fita, ni na kwashi rediyoyin biyu na kai rumfar Malam Sule.

Ya fara buɗe tawa. Fiyus ɗin zinaren ya yi baƙi ƙirin a ciki. Na ce, "Wayyo, agwagina!" Ya ce, "Ki gode masa, aikinsa ke nan, ya kuma yi." Ya zaro wani daga gwangwanin madara, irin na kowa da kowa, mai lamba ɗaya da shi, ya saka, ya kunna. Muryar ta fito yadda na san ta, babu abin da ya ragu. Na matso da kunnena jikin sifika ina neman dattin da aka ce ƙarfen banza yana kawowa. Na nema har na gaji, ban samu ba.

Ya ce, "'Yata, fiyus ɗan siririn zare ne na ƙarfe a cikin kwalba. Ba ya ƙara wa murya gishiri, ba ya rage mata. Mai gadi ne. Idan wuta ta yi yawa sai ya ƙone, hanya ta yanke, kaya su tsira. Ko da azurfa aka yi kansa, abin da za a tambaya shi ne lambarsa."

Sannan ya buɗe ta Falmata. Ciki duk ya narke, amma fiyus ɗina yana zaune lafiya lau yana ƙyalli, ko ɗigon baƙi babu. Ya ɗaga shi ya karanta lambar, ya girgiza kai. Ya ce wannan na manyan kaya ne, ya fi ƙarfin 'yar rediyon nesa ba kusa ba, shi ya sa wutar ta wuce ta gabansa ta shiga ta yi ɓarna shi bai ko ji ɗumi ba. Ya ce da ɗan siririnta na asali ne a ciki, da yanzu tana magana. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wane gwanin ne ya saka wannan?"

Na ce, "Wallahi Baba, mutane ba su da kirki."

Ban ce ni ce ba, ban ce ba ni ba ce. Na dawo gida na ce wa Falmata, "Ya ce ba ta gyaruwa." Gaskiya ce, amma rabinta. Ta rungume gawar rediyon ta yi hawaye saboda mahaifinta, sannan ta share ta ce Allah Ya isa tsakaninta da masu wuta. Na ce amin. Wannan amin ɗin shi ne babban kuskurena. Da a ranar na faɗa mata gaskiya, da ta yi fushin mako guda an wuce wurin. Na bari ya kwana, washegari ya ƙara nauyi, da shekara ta zagayo kuma na rasa ta inda zan fara. Idan kin ɓata wani abu a gidan mijinki, ko tulu ne, ki faɗa tun hannunki bai bushe ba.

Abin da ya biyo baya kin san shi, don a cikinsa kika girma. Da ta gama jego ba ta da abin sauraro, sai ta riƙa zagayowa gidanmu kullum bayan Azahar, jaririya a baya, Bukar a hannu. Mu muna gaban sifika muna gardamar ko jarumar za ta yafe, ku kuna tsakar gida kuna faɗa a kan gwangwanin wasa. Har suka tashi suka koma bakin kasuwa ba ta daina zuwa ba, Bukar ma bai daina ba, daga baya ma ya fara zuwa ba tare da ita ba, wai ya zo gaishe da Abbanku. Sau nawa na ce wa kaina, ai ga shi abin ya zama alheri, da rediyon ba ta ƙone ba da yaran nan ba su shaƙu ba. Haka ake yi a littattafaina, a kawo biki a shafin ƙarshe ya rufe duk ɓarnar da aka yi a tsakiya. Na daɗe ina fakewa a nan. Amma alherin na Allah ne, wuƙar albasar kuma tawa ce. Kuma duk taron suna ko biki, da an ɗauke wuta Falmata za ta gyara zama ta ce, "Azzalumai! Su suka cinye mini rediyon Babana. Ƙawa, ba a gabanki aka yi ba?" Ni kuma in ce, "A gabana aka yi."

Shekaranjiya muna jeren ɗakinki ta ja ni gefe, fuskarta cike da murna, ta nuna mini kwali. Kayan sauti ta saya muku, sababbi, gudummawarta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙawa, saura abu ɗaya. Ki nemo mana fiyus ɗin nan na zinare mu saka wa yara. Har yau ina tuna garɗin da ya ƙara wa tawa kafin azzaluman nan su ƙone ta." Bakina ya ce to kafin zuciyata ta iso.

Na dawo gida na kasa cin abinci. Abbanku ya tambaya, na zauna na kwashe komai na gaya masa, ina jiran ya yi salati. Sai ya fashe da dariya har ya ƙware, na miƙa masa ruwa. Ya ce, "Ke kin manta a majalisarmu Malam Sule yake shan shayi? Tun a makon ya ce mini, matarka ta iya kwance rediyo, saura ta koyi karanta lamba." Na ce, "Shi ne duk shekarun nan ka yi shiru?" Ya ce, "Ba ni na saka ba, ba ni zan cire ba. Ina dai jin daɗin yadda kike cewa a gabana aka yi." Na jefe shi da mafici, ya kauce, muka yi ta dariya kamar yara. Rabon da in ji ƙirjina ya yi sauƙi haka na manta.

To ga abin da za ki yi da kayan sautinki. Ki bar fiyus ɗin da ya zo da su. Ki sa Bukar ya duba lambarsa ya sayo irinsa guda uku ko huɗu na gwangwani, ki ajiye a ƙasan adaka. Ranar da ya ƙone kada ki ji haushinsa, ki canza shi da mai lambarsa. Kada ki yarda wani ya naɗe miki ƙonannen da takardar cingam mai ƙyalli ko ya ɗaura waya a madadinsa, kamar yadda ake yi a unguwa, wannan cire mai gadi ne a bar ƙofa a buɗe. Da an ɗauke wuta ki zare soket, sai ta dawo ta zauna ki mayar. Damina na zuwa ki ɗaga sifikunki daga ƙasa, gidanku ba shi da nisa da kogi. Idan kina son sauti ya yi daɗi, ki raba su, ɗaya nan ɗaya can, ki zauna a tsakiya, ki kira mijinki ya zauna kusa da ke. Littafi kuma ki karanta, ban hana ki ba, ni ma jiya na gama wani na yi kukana son raina. Ki dai sauke tukunya tukuna.

Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare shigarki da fitarki, Ya sa surukarki ta zame miki uwa kamar yadda ta zame mini 'yar'uwa. Ƙannenki suna gaishe ki, wai ki bar musu ɗakin a share. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Ba zan sayo fiyus ɗin ba. Gobe da hantsi, kafin masu ƙunshi su zo, zan yafa mayafina in je gidan Falmata in gaya mata ni ce.